Amsa: Su waye Creedence, kuma me ya raba su suna kan ganiyarsu?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambayi su waye masu waƙar nan da ake yawan sawa a finafinan yaƙin Biyetnam idan jirage masu saukar ungulu sun taso, kuma me ya sa aka daina jin ɗuriyarsu. Na ga wasu sun ce maka kuɗi ne ya raba su. Da gaskiyarsu, amma maganar ta fi haka.

Sunansu Creedence Clearwater Revival, ana taƙaita shi CCR, waƙar kuma Fortunate Son ce ta 1969. Ni ta hanyar sana'a na san su, don a shekarun 1980 na kaɗa jita a wata ƙungiya da ke wasa a otal-otal na Jos, kuma da wuya daren Asabar ya wuce ba a ce mu yi waƙarsu Proud Mary ba.

Su huɗu ne: John Fogerty, yayansa Tom, Stu Cook mai jitar bes, da Doug Clifford mai ganga. Duk wanda ya ji muryar John yana zancen kogin Misisipi da fadamun Luwiziyana zai rantse ɗan kudancin Amurka ne. Ina! 'Yan El Cerrito ne, wani ƙaramin gari kusa da San Faransisko a Kalifoniya. A rediyo da fayafayi John ya tsinci kiɗan blues na baƙaƙen fata da kiɗan country na mutanen karkara, ya haɗa su ya yi nasa. Tun 1959 suke tare, John da Stu da Doug suna 'yan makaranta. A 1964 kamfanin Fantasy ya ɗauke su, ya laƙaba musu sunan Golliwogs ba da son ransu ba. A 1966 aka kira John da Doug aikin soja, kuma zafin da kake ji a Fortunate Son daga nan ya samo asali: ɗan talaka ake turawa fagen daga, ɗan sanata da ɗan attajiri suna gida. Sai a 1968, bayan Saul Zaentz ya karɓi kamfanin sun kuma sauya suna, aka fara jin su sosai. Wato kusan shekara tara suna fama.

Daga nan kuwa sai ƙofa ta buɗe. A 1969 kaɗai sun fitar da faifai uku, Bayou Country da Green River da Willy and the Poor Boys, suka kuma yi wasa a Woodstock, babban bikin kiɗa da aka yi a Amurka. A 1970 suka ƙara biyu. Waƙoƙinsu biyar sun kai na biyu a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, ko ɗaya ba ta hau na ɗaya ba.

Abin da na gani da hannuna shi ne, kiɗansu sauƙinsa yaudara ne. Za ka sa kaset, ka mayar da shi baya da biro, cikin minti kaɗan ka gano inda yatsu suke. Amma ranar da muka fara gwadawa tare, mai gangarmu ya riƙa cusa ƙawa a kowace gaɓa, sai waƙar ta zube. Doug ba ya haka, dukansa ɗaya tak, ba gaggawa ba jan ƙafa, Tom kuma yana bayansa da jita kamar mai daka a turmi, ba ya fashi. A kan wannan John yake tsayawa ya ɓarke da murya. Lokacin da takwarorinsu na San Faransisko ke jan waƙa ɗaya minti ashirin, yawancin nasu minti uku sun gama. Shi ya sa nake jin haushi idan aka ce sauran ukun 'yan rakiya ne. Wanda ya taɓa riƙe jitar baya ba zai faɗi haka ba.

To amma John ne ke rubuta waƙa, shi ke rerawa, shi ke jan jita, shi ke shirya faifai a situdiyo, har harkar kasuwancin ƙungiyar shi ya riƙe. Tom, wanda da can shi ne mawaƙinsu, ya koma ba a jin bakinsa. A farkon 1971 ya tafi. Sauran biyun suka nemi a riƙa damawa da su, sai aka raba faifan gaba kowa ya rubuta nasa ya rera. Su sun ce John ne ya tilasta musu, shi ya ce abin da suka nema ya ba su. Faifan, Mardi Gras na 1972, ya sha suka, a watan Oktoba suka watse. A ganina John ya fi su gaskiya a kan kiɗa, amma bai iya riƙe mutane ba, kuma bai kamata mai waƙa ya zama shi ne manaja ba.

Nan maganar kuɗi ta shigo. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu suna cikin yunwa ta mallaka wa kamfanin waƙoƙin John. Shekaru ya yi yana ƙin rera su a dandali don kada Zaentz ya ci riba. Da ya fitar da faifansa na kansa a 1985, kamfanin ya kai shi ƙara wai sabuwar waƙarsa ta yi kama da tsohuwarsa ta CCR. Mutum ana tuhumarsa da satar abin da shi ya ƙirƙira! A 1988 ya shiga kotu da jita ya kaɗa wa masu shari'a, ya yi nasara, rigimar kuɗin lauyoyi kuma ta kai Kotun Ƙoli a 1994, can ma ya yi nasara. Idan na ga yaranmu mawaƙa suna sa hannu a takardar da ba su karanta ba don murnar an shigar da su situdiyo, wannan shari'ar nake tunawa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na 'yan'uwan. Tom ya ci gaba da ɗasawa da Zaentz, John ya ɗauki hakan cin amana. Tom ya rasu a 1990, sanadin cutar ƙanjamau da ya ɗauka ta ƙarin jini a wajen tiyata, ba su gama shiryawa ba. A 1993 da aka karrama ƙungiyar a Rock and Roll Hall of Fame, zauren girmama fitattun mawaƙa, John ya ƙi hawa dandali da Stu da Doug. Su biyun suka kafa tasu a 1995 suna yawo da tsofaffin waƙoƙin.

Idan za ka saurare su, fara da Green River, sannan faifan Cosmo's Factory na 1970, ka bar Mardi Gras sai daga baya. John kuwa bai samu ikon waƙoƙinsa ba sai a Janairun 2023, lokacin da ya sayi kaso mafi tsoka na haƙƙin mallakarsu daga kamfanin Concord, wanda ya mallaki Fantasy daga baya, yana da shekara 77.