Ku Tambayi Mama: Ɗana ɗan shekara huɗu ya tsiro da ƙarya

Tambaya: Salama, Mama. Yarana uku ne, na tsakiyan namiji ne ɗan shekara huɗu. 'Yan watannin nan ya tsiro da ƙarya. Sai ya zana bango da biro, hannunsa duk tawada, amma in an tambaye shi ya ce ƙanwarsa ce, alhali ita ko tsayuwa ba ta iya ba. Babansa ba ya wasa da ƙarya. Duk sa'ad da ya kama shi sai ya zane shi, yana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma Littafi Mai Tsarki ya ce wanda bai yi wa ɗansa bulala ba ba ya ƙaunarsa. Abin da ya dame ni shi ne ƙaryar ƙaruwa take yi. Yanzu da ya ji motsin babansa a bakin ƙofa sai ya shige bayan kujera. Ba na so in saɓa wa maigidana, ba na kuma so in saɓa wa Maganar Allah. Yaya zan yi? Daga uwar yara uku.

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki tukuna, ɗanki bai lalace ba. Yawancin yara tsakanin shekara biyu da huɗu suke fara ƙarya, lokacin da suka soma gane cewa abin da ke cikin ransu ba lalle ne Mama ta san shi ba. Na daɗe ina koyar da ƙanana a Makarantar Lahadi, na sha ganin haka. Yarinya za ta tsaya a gabana, alli ya yi fari fat a tafin hannunta har da gefen bakinta, ta dube ni ido cikin ido ta ce ita ba ta taɓa allin ba. Ba makirci irin na manya ba ne. Ta ga fuskata ta canza ne, sai ta faɗi abin da take so a ce shi ya faru. Ban ce a ƙyale ba, ƙarya zunubi ce, dole a yi maganinta. Sai dai da wane magani?

Abin da kika lura da shi a gidanki, masana ma sun lura da shi. A 2011 wasu masana halayyar yara biyu, Victoria Talwar da Kang Lee, sun wallafa binciken da suka yi a kan yara 'yan shekara uku da huɗu a makarantu biyu na Afirka ta Yamma. A ɗaya ana dukan yaro in ya yi laifi, a ɗayar ba a duka. Suka riƙa ajiye abin wasa a bayan yaro, a ce masa kada ya waiga, sai babban ya fita daga ɗakin. Yawancin yaran sun waiga, a makarantun biyu duka. Da aka dawo aka tambaye su, yaran makarantar da ake duka su ne suka fi musantawa, kuma sun fi iya rufe ƙaryar in an ci gaba da yi musu tambaya. Yaron da ya san gaskiya za ta jawo masa bulala ba ya daina laifi, ɓoyewa yake ƙwarewa a kai. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta fitar da matsayinta a 2018, ta ce iyaye su bar duka da tsawa mai wulaƙanta yaro, domin ba sa gyara hali, suna ƙara wa yaro faɗa ne.

To, ayar fa? Tana nan a Karin Magana 13:24, ba zan ce miki babu ita ba, kuma akwai Kiristoci na ƙwarai da suka sha bamban a kan yadda za a bi ta. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne Allah ba ya son uban da ya zuba wa ɗansa ido yana ɓaci. Laifin Eli ke nan a 1 Sama'ila 3:13: ya san abin da 'ya'yansa ke yi, bai kwaɓe su ba. A nan maigidanki yana da gaskiya, ki kuma faɗa masa hakan da bakinki. Amma Littafin da ya ce a hori yaro shi ne kuma ya kira ubanni musamman, a Afisawa 6:4, ya ce kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, a Kolosiyawa 3:21 kuma ya ba da dalili: don kada yaran su karai. Yaron da ke shigewa bayan kujera da jin takun ubansa ya fara karaya. Ibraniyawa 12:11 ta ce horo yakan ba da amfanin salama da adalci daga baya. In amfanin da kuke girba ƙarin ƙarya ne da tsoro, ya kamata ku sake duban horon. Ɗanyen iccen da maigidanki ya ambata a hankali ake lanƙwasa shi, in aka yi masa da ƙarfi tsagewa yake yi.

Ki duba Farawa sura 3. Adamu ya yi laifi, ya ɓuya, ya kuma ɗora wa wani, daidai yadda ɗanki ke yi. Allah ne ya zo nemansa, ya kira shi, ya tambaye shi. Hukunci ya biyo baya, mai nauyi kuwa, amma kafin su fita daga gonar sai da ya yi musu sutura. Ni wannan ne misalin da nake so ubanni su riƙe. Yaro ɗan shekara huɗu bai san tauhidi ba. Abin da zai fara sani game da Uba na sama, daga fuskar ubansa na gida zai karanta shi, musamman a ranar da ya yi laifi.

Ga abin da za ku gwada. Ku daina tambayarsa abin da kun riga kun san amsarsa. “Wa ya zana bangon nan?” tarko ne, kuma zai faɗa ciki. Ki ce, “Na ga ka zana bango. Ba a zane a bango, a takarda ake yi. Ɗauko tsumma mu goge.” Ya goge da hannunsa, ko da ba zai fita tsaf ba, biron kuma ya kwana a hannunki. Wannan ma horo ne, kuma ya dace da laifin. Ranar da ya faɗi gaskiya da kansa, ko da murya na rawa, ki durƙusa daidai tsayinsa ki ce, “Na ji daɗi da ka gaya mini gaskiya,” sa'an nan ku gyara ɓarnar. Kada gaskiya ta taɓa fin ƙarya tsada a gidanku.

Ku kuma binciki bakinku. “Je ka ce masa ba na nan.” “Yi shiru, yanzu zan dawo,” alhali sai dare. “In ba ka daina ba zan kira likita ya yi maka allura.” Yaro yana jin waɗannan duka, yana kuma gane ba gaskiya ba ne.

Maganar maigida kuwa, kada ki yi ta a gaban yaron, kada kuma ki yi ta yana cikin fushi. Ki sami lokacin da ransa ke sake, ku buɗe ayoyin nan tare, ki roƙe shi ku gwada wannan hanya wata ɗaya ku gani. Amma ki ji ni da kyau: in dukan yana barin tabo ko rauni, ko kuwa huce haushi ake yi a jikin yaro, wannan ya wuce horo. Kada ki yi shiru. Ki shiga tsakani, ki kai maganar ga fasto ko wani dattijon da yake jin nauyinsa. Jaririyar nan kuma, kada kowa ya taɓa jijjiga ta don fushi, jijjiga na iya lalata ƙwaƙwalwar jariri har ta kai ga mutuwa.

Tambaya: Mama, ina so in kafa addu'ar iyali a gidana kamar yadda ya kamata shugaban gida ya yi. Muna farawa da ƙarfe tara na dare, in karanta sura guda, in yi bayani, mu yi addu'a. Amma yarana, ɗan shekara biyar da 'yar shekara biyu, ba sa zama. Wannan na birgima, waccan na kuka, ƙarshenta da tsawa muke tashi. Na fara tunanin in bari sai sun girma. Daga wani uba.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Kada ka bari, ka rage dai. Wa'azin manya kake yi wa yaran da barci ya riga ya ci ƙarfinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, ɗan shekara uku zuwa huɗu kuma awa 10 zuwa 13. Ƙarfe tara ya yi musu dare.

Akwai wata aya da ba a cika yin wa'azi a kanta ba, ni kuwa ina ƙaunarta. A Farawa 33:12-14 Isuwa ya ce wa Yakubu su kama hanya tare, sai Yakubu ya ce yaran ba su da ƙarfi, shi zai biyo a hankali gwargwadon tafiyar dabbobi da ta yara. Ka yi tafiya gwargwadon ƙafar 'yarka mai shekara biyu. Minti biyar sun isa. Waƙa ɗaya da suka iya, a tafa hannu. Labari ɗaya gajere da bakinka, ba karatu ba: Zakka a kan itace, ko tunkiyar da ta ɓata. Sa'an nan kowa ya faɗi abu ɗaya da yake gode wa Allah dominsa. In babban ya ce ya gode don takalminsa, ka ce amin da zuciya ɗaya. In ƙaramar na yawo a ɗaki, ƙyale ta, kunnenta na tare da ku. Wata rana za ka ji ta tana rera waƙar ita kaɗai. Surarka da bayaninta ka ajiye su sai yara sun kwanta, ku yi kai da uwargida.

Maimaitawar Shari'a 6:7 ba ta ce a tara yara sau ɗaya a rana ba. Cewa ta yi a koya musu a zaune a gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Susanna Wesley, mahaifiyar John da Charles Wesley waɗanda suka assasa ɗariƙar Methodist, da yawan 'ya'yanta, ta keɓe wa kowannensu lokacinsa a mako don su yi hira su biyu a kan al'amuran ruhaniya. Ranar John Alhamis ce, kuma har ya girma yana tunawa da ita. Ka ɗauki ɗanka shi kaɗai wani lokaci, ka ji tambayoyinsa. Ka kuma tuna a Markus 10:13-16, da aka kawo wa Yesu yara, almajiran da suka hana su ne ya ji haushinsu, yaran kuwa rungume su ya yi.

Tambaya: Mama, in na ba ɗana ɗan wata 18 waya ya kalli waƙoƙin yabo na yara, ai ba laifi tunda na Allah ne? Daga wata 'yar'uwa.

Amsa: 'Yata, waƙar ba ta da laifi, shekarunsa ne ba su kai ba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in an rage ma ya fi. Yaro a bakin mutum yake koyon magana, mutumin da zai dube shi ya amsa masa. Na san gajiya ce takan sa, ba sakaci ba. Ki kunna waƙar, ki kife wayar inda hannunsa ba ya kai, ku rera tare kina aikinki.

Tambaya: Mama, mahaifiyata ta rasu watan jiya. 'Yata mai shekara huɗu ta shaƙu da ita ƙwarai, sai muka ce mata Kaka barci take yi a wurin Yesu. Yanzu ba ta yarda ta kwanta, in ta ga na rufe ido sai ta fashe da kuka tana tashe ni. Daga wata mai makoki.

Amsa: 'Yata, sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Da ƙauna kuka faɗa mata haka, amma yaro yadda aka faɗa masa magana haka yake ɗaukarta. A wurinta Kaka ta yi barci ba ta tashi ba, to, kada Mama ma ta yi. Ko almajirai sun rikice a nan. A Yahaya sura 11 Yesu ya ce Li'azaru ya yi barci, suka ɗauka barcin hutawa ne, sai ya faɗa musu a fili cewa Li'azaru ya mutu.

Ki zaunar da ita da rana, ba da dare ba. Ki ce, “Kaka ba barci take yi ba, ta mutu. Jikinta ya daina aiki, ba ta jin ciwo, ba za ta dawo gidan nan ba. Tana tare da Yesu, wata rana kuma za mu gan ta. Barci dabam ne. In mun yi barci muna tashi da safe.” Kada ki ce Allah ya ɗauke ta don yana sonta, sai ta ji tsoron kada ya so ki ke ma. Za ta yi ta maimaita tambayar, wataƙila jibi ta ce yaushe Kaka za ta dawo, domin yawanci sai yara sun kai shekara biyar zuwa bakwai suke gane cewa mutuwa ba a dawowa daga gare ta. Ki ba ta amsa iri ɗaya kowane lokaci, cikin haƙuri. In hawaye ya zo miki a gabanta kada ki ɓoye, Yesu ma ya yi hawaye a kabarin abokinsa. Ki dai gaya mata kewar Kaka ce ta sa, ba wani abu da ita ta yi ba.

Da dare ki zauna kusa da ita har barci ya ɗauke ta, ki faɗa mata abin da za ku yi tare da safe, da gari ya waye kuma ki cika. In makonni suka wuce tsoron bai ragu ba, ko ta daina cin abinci, ko ta koma fitsarin kwance, ku kai ta wurin likitan yara.