Amsar tambayarka kan faɗuwa gaban sarki da abin da Girkawa suka rubuta

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi albarka. Ka ce a karatunku na tarihi an faɗa muku Farisawan da suna zubewa ƙasa gaban sarakunansu kamar masu bauta, Girkawa kuma suka ce wannan halin bayi ne, shi ne kake tambaya ko durƙuson da muke wa manya da faɗuwar gaisuwa a fada duk tafiyarsu ɗaya. To zancen yana da tsawo, ka yi haƙuri ka karanta.

Kafin komai ka duba waye ya riƙe alƙalamin. Kusan duk abin da ake faɗa kan halin sarakunan Farisa daga hannun Girkawa ya fito, su kuwa sun gwabza da Farisa, Dariyus ya turo musu runduna aka kara a Maraton a 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ɗansa Zaksis kuma ya taso da kansa a 480. Farisawan ba su bar littafin tarihi irin na Girkawa ba, sai rubutu a jikin duwatsu da allunan lissafin fada. In abokin gaba ne ke ba da labarinka ai ka san inda zai karkata.

Amma shi Herodotus, wanda shi ne babba a cikin marubutan tarihin Girkawa, ban yarda a ce masa maƙaryaci kawai ba. Haifaffen Halikarnasus ne, Bodrum ta Turkiyya a yau, garin ma a ƙarƙashin Farisa yake lokacin. Shi da kansa ya bayyana yadda Farisawa ke gaisawa in sun haɗu a hanya, tsara da tsara su sumbaci juna a baki, in ɗaya ya ɗan fi ɗaya sai a kumatu, in kuwa tazarar ta yi yawa na ƙasan ya zube ya gaida na saman. Ka ga gaisuwar matsayi ce har tsakanin mutanen gari, Girkawa ne suka saba ba a yin haka sai ga allolinsu, shi ya sa abin ya yi musu nauyi. Sarakunan a rubutunsu na ƙasar Farisa ba su ce su alloli ne ba, Dariyus a dutsen Behistun maimaitawa yake ta yi cewa Ahura Mazda, abin bautarsu, ne ya ba shi sarauta, kuma a sassaƙen da ke Fasifolis, birnin fadarsu, za ka ga bafade ya ɗan rusuna gaban sarki hannunsa a gaban bakinsa, yana tsaye da ƙafafunsa.

Zaksis shi ya fi shan alƙalami. An ce da guguwa ta karya gadarsa a mashigin Helesfont da ke tsakanin Asiya da Turai sai ya sa aka yi wa teku bulala 300 aka jefa mata marin ƙarfe na ɗaure ƙafa, an ce wani attajiri ya roƙe shi ya bar masa babban ɗansa a gida kar a tafi da shi yaƙi, sai ya sa aka raba yaron biyu runduna ta ratsa tsakani. Girman kai da fushi ke nan. Amma dai Herodotus ɗin da ya kawo waɗannan labaran ne ya ce Zaksis ya kalli tarin sojojinsa ya fashe da kuka don nan da shekara 100 babu mai rai a cikinsu. Kuma da mutanen Sparta biyu suka je fadar sarki a Susa don a kashe su a madadin manzannin Dariyus da garinsu ya kashe, dogarai suka matsa musu su faɗi suka ƙi, Zaksis ya sallame su da ransu ya ce shi ba zai yi abin da yake zargin su da shi ba. Wannan ɓangaren wallahi ba kasafai ake karantar da shi ba, kuma abin yana damuna.

Kambisis kuma, sarkin Farisa da ya ci Masar, aka mai da shi mahaukaci, wai ya daɓa wa bijimin Afis da Misirawa ke girmamawa wuƙa a cinya ya mutu. Sai ga rubutun da aka tono a Sakkara ta Masar ya nuna an binne wani bijimin Afis da daraja a 524 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwatin dutsen ma Kambisis ne ya bayar. Sairus, mahaifin Kambisis wanda ya kafa daular, shi kam ya tsira, Herodotus ya ce Farisawa na kiransa uba, Kambisis ubangida, Dariyus kuma ɗan kasuwa saboda shi ya yanka wa larduna haraji. Zenofon ma, wani marubucin Girkawa, Sairus ya ɗauka ya zama misalin sarki nagari. Kitesiyas, marubucin Girkawa da ya yi likita a fadar sarki Atazaksis na biyu, ya fi mai da hankali kan makircin cikin gida, uwar sarki da bābānni da guba, daga nan hoton sarki mai son jin daɗi wanda mata ke juyawa ya samu gindin zama.

Yanzu kan tamu al'adar. Sujada ta Allah ce shi kaɗai, wannan babu gardama, kuma malamai sun daɗe suna jan kunne kan kai goshi ƙasa gaban mutum, ni ma ban goyi bayansa ba. Amma ka cire takalmi, ka rusuna, ka durƙusa ka gaida kakarka ko hakimi, ba wanda ya ce ka zama bawa, kai ma wata rana 'ya'yan ƙannenka za su yi maka. Herodotus ɗin ma ya kawo labarin Dariyus da ya tara Girkawa masu ƙona gawa da wata ƙabilar Indiya da aka ce suna cin gawar iyayensu, ya tambayi kowa nawa za a ba shi ya yi irin na ɗayan, kowa ya ce Allah ya kiyaye, kuma a labarin sarkin Farisan ne mai hangen.

In kun koma aji ka tambayi malaminku batun rubutun Sakkara, ka turo min abin da ya ce. Ka gaida mahaifiyarka.