Amsa: ranar 9 ga Nuwamba a tarihin Jamus

Malam, ka tambaya ko akwai rana guda da manyan abubuwa suka yi ta faruwa a cikinta a shekaru daban-daban, to ni wacce ta fi tsaya min a rai ita ce 9 ga Nuwamba a Jamus.

A 1918 ranar ce aka sanar da saukar sarki Wilhelm na biyu aka kafa jamhuriya. A 1923 kuma Hitler ya yi yunƙurin juyin mulki a Munich, 'yan sanda suka buɗe wuta, daga baya aka ɗaure shi.

Amma ta 1938 wallahi ita ce mai ciwo, kuma ka lura ba haɗuwar sa'a ba ce, domin manyan 'yan Nazi sun taru ne a Munich suna tunawa da wancan yunƙurin na 1923 sai Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ya yi jawabin da ya zuga su, a daren nan aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa aka farfasa shagunansu, aka kwashe maza wajen 30,000 zuwa sansanoni, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Sai 1989, jami'in Jamus ta Gabas Günter Schabowski ya ce wa 'yan jarida an buɗe iyakarsu da Jamus ta Yamma nan take, jama'a suka yi dafifi, katangar Berlin ta faɗi. Amma da aka zo zaɓen ranar bikin haɗewar ƙasa sai suka ɗauki 3 ga Oktoba maimakon 9 ga Nuwamba, saboda jinin 1938, kuma gaskiya ina ganin sun yi daidai.