Amsa ga 'yar uwar da ɓaurenta na bonsai ke zubar da ganye

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, kin ce ɗan ɓaurenki na bonsai, wato ƙaramin iccen ado da kike raino cikin tukunya a falo, yana ta zubar da ganye tun shigowar hunturu, kina tambaya ko ki ƙara mashi ruwa da taki. Don Allah ki dakata, kada ki ƙara ko ɗaya tukuna. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don ruwa ne ya kashe mini na farko.

Nawa irin mai kumburarriyar saiwar nan ne da ake ce wa ginseng, wato Ficus microcarpa na ƙasashen Asiya, ba ɓauren bakin gulbi da muka sani ba. Da kuɗin adashena na saye shi wurin wani mai furanni nan cikin Sakkwato. Har rantsuwa ya yi mini wai iccen ɗaki ne, ba ya son rana ko kaɗan, in ba shi ruwa safe da marece. Ashe tukunyar ko huda babu a gindinta, tsakuwar adon da ke sama kuma an manne ta da gam, ba halin ki tsoma yatsa ki ji ƙasar. Ganye ya fara rawaya yana zuba, na koma wurinsa, ya ce ƙishi ne, in ƙara. Ranar da maigida ya fasa tukunyar wari ne ya tarbe mu. Saiwar ta yi baƙi ƙirin, kina taɓawa tana saɓulewa. Zama na yi a ƙasa ina kuka, yara na kallona. Na ƙunsa ragowar a leda na kai mashi, mutumin nan ya dube ni gaban jama'a ya ce wai hannuna ne ba ya karɓar shuka. Hannuna! Har yau in muka bi ta wurin kau da kai nake yi. Na bar shi da Allah.

To ki fara juya tukunyarki ki gani ko da huda. Sannan ki tsoma yatsa cikin ƙasar, don iskar hunturu saman kawai take busarwa, ƙasan yana jiƙe. Sai kin ji ta fara bushewa ki ba shi sosai har ya fito ta gindi, ki zubar da wanda ya taru a faranti.

Kuma ki daina yawo da shi. Wannan icce da an canza mashi wuri sai ya zubar da ganye, halinsa ne. Ki samo mashi tagar gabas mai haske ki ƙyale shi. Da dare ki rufe tagar, sanyin ƙasa da digiri 15 na wahalar da shi, iskar esi ma haka. Ƙurar nan da ke kwanciya kan ganye ki riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, ki leƙa bayan ganyen. In kin ga ɗigo-ɗigo ja da siririyar saƙa irin ta gizo-gizo, ƙananan ƙwari ne masu son busasshiyar iska, ki wanke shi da ruwa mai ɗan sabulu ki ɗauraye. Farin ruwan da ke fita in an tsinke ganye yana sa ƙaiƙayi, a kula da yara.

Ko ya koma tsirara kada ki jefar. Ki ɗan kankare ɓawon da farce, in kore ne a ciki yana da rai. Taki sai ya fara toho. Canjin ƙasa ki bari sai damina ta kama, wajen Yuni, sai dai in tukunyar ba huda, wannan ba ya jira. Ni yashi mai tsakuwa nake haɗawa da dakakken jan bulo da gawayi da ɗan ruɓaɓɓen taki. Ruwan bohol ɗinmu yana barin farin gishiri bakin tukunya, shi ya sa nake tara na sama.

Ni fa yanzu ceɗiya nake raino, reshe na yanko gidan kakata na dasa, ya kama. Dangi ɗaya ce da wancan, kuma zafinmu na Afrilu da ke wuce digiri 40 bai dame ta sosai ba, sai dai ƙaramar tukunya na iya bushewa a yini guda. Ban san me ya sa muke zuba kuɗi kan na waje ba ga ceɗiya da durumi ƙofar gidajenmu.

Ki turo mana hoton gindin tukunyar da bayan ganyen yau ɗin nan in da hali. Allah ya raya maki shi.