Tsohon kod ɗin C da ya ƙi tashi a sabon GCC

Wa alaikumussalam ƙanena. Ka ce kod ɗin C da ka gada a wurin aikinku a Adum cikin Kumasi yana tashi lafiya lau a tsohuwar kwamfutar ofis, a sabon laftof ɗinka kuwa jan rubutu ne ke cika allo, shin ka nemo tsohon kwamfaila ka saka ka huta? Ni dai ban ba ka wannan shawarar ba.

In ba ka faɗa wa GCC, wato kwamfailan da ke juya kod ɗinka ya zama manhaja, wane C kake rubutawa ba shi zai zaɓa maka, kuma zaɓin nasa ba ya zama wuri ɗaya. Da can gnu89 ne, wato ƙa'idar C ta 1989 da ƙarin GNU, GCC 5 ya koma gnu11 a 2015, GCC 15 kuma a 2025 ya koma gnu23. To a C23 bool da true da false kalmomin yaren ne da kansu, duk wanda ya rubuta typedef int bool a zamanin da, yanzu kod ɗinsa ya tsaya cak. Saboda haka fara buɗe Makefile, fayil ɗin da ke ɗauke da umarnin haɗa kod ɗin, ka rubuta -std da hannunka, gnu99 ko gnu17, wanda ya dace da shekarun kod ɗin.

Amma inda nake so ka natsu shi ne kiran fankshin ba tare da an gabatar da shi ba. Tun C99 aka cire wannan daga ƙa'ida, GCC ya yi ta gargaɗi shekara da shekaru ba mai ji, sai a GCC 14 na 2024 ya ce ba zai wuce ba. Kuma gaskiyarsu ce wallahi. Tsohon C ɗauka yake duk fankshin da bai sani ba int yake dawowa da shi, to ka kira fankshin mai dawo da fointa irin getenv ba ka sa stdlib.h ba a inji mai bit 64, fointa ta gutsure ta koma bit 32, yau ya yi aiki gobe ya faɗi gaban kwastoma. Na sha gyara irinsa a wata manhajar lissafin kaya ta wani shago a Asawase, mai shagon har ya fara zargin yaransa alhali layin include ne babu. Za ka iya rufe bakin kwamfailan da -fpermissive don aiki ya tafi yau, amma ciwon yana nan.

In akwai gets a ciki cire shi ka sa fgets, tun C11 aka kore shi. conio.h kuma na Turbo C da Windows ne, babu shi a Linux. Sannan long bit 32 ne a Windows, 64 a Linux mai bit 64, in girman yana da muhimmanci ɗauki int32_t ko int64_t daga stdint.h.

Kunna -Wall -Wextra don ka ga gargaɗi, ka gwada da kwamfailan Clang ma, ka bi fayil ɗaya bayan ɗaya. Turo mana abin da gcc --version ya nuna da layukan farko na jan rubutun, mu duba tare in sha Allah.