Tambaya Mabuɗin Ilimi: Randa, Ruwan Wikki da Sanyin Hunturu

Tambaya: Malam, randata takan sanyaya ruwa ƙarara da bazara, amma da damina ta faɗi sai ruwan ya zama salam. Kuma tun da na sa aka shafe bayanta da siminti don tana naso, sanyin ya tafi gaba ɗaya. Me ya jawo? (Wata uwargida daga Tudun Wada, Gombe)

Amsa: Hajiya, nason nan da kika toshe shi ne sirrin randar. Jikin yumɓu cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsatsafowa ta cikinsu, ya jiƙa bayan randa, iska ta busar da shi. Ruwa kuwa ba ya zama tururi sai ya sha zafi, kuma zafin daga jikin randar da ruwan cikinta yake zuƙo shi. Haka gumi yake sanyaya jikin mutum.

Ga lissafin. Giram ɗaya na ruwa yana tafiya da kusan jul 2,400 idan ya bushe (jul shi ne ma'aunin makamashi). Sauke zafin lita 20 da digiri ɗaya kuma yana buƙatar a cire jul 84,000. Ke nan bushewar giram 35, abin da bai wuce cokali uku ba, ta isa ta rage wa randa guda digiri ɗaya, in dai wani zafin bai shigo daga waje ba.

A watan Maris iska a bushe take, tana shan ruwa da sauri. A Agusta kuwa ta riga ta ƙoshi da laima, shi ya sa ko shanya ba ta bushewa, randa ma sai a hankali. Wannan ba laifin maginin tukwane ba ne.

Randar da aka shafe da siminti ko fenti ta gama aiki, a mai da ita ma'ajin ruwan wanke-wanke. Sabuwar kuma a girke ta kan jiƙaƙƙen yashi, a inuwa, inda iska ke ratsawa, kada a cusa ta a lungun ɗaki. A rufe bakinta, a riƙa goge gansakukar bayanta. Jarkar roba ma takan yi sanyi idan aka naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara. Da wannan hikima Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya a Jigawa, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu don adana tumatir da ganye, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Tambaya: Da gaske ne wuta ce a ƙarƙashin ruwan Wikki na Yankari? (Wani ɗalibi daga Alkaleri)

Amsa: Babu wuta, ɗana. Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi, yana tsaye a kan digiri 31 na ma'aunin zafi na Salshiyos dare da rana, rani da damina. Cikin ƙasa ɗumi ne da shi: duk mita 100 da aka nutsa, zafi na ƙaruwa da kusan digiri 3. Ruwan sama yana tsiyaya ta cikin duwatsu, ya ɗau ɗumin can ƙasa, ya ɓuɓɓugo. Da asubar hunturu za ka ji shi da ɗumi, da tsakar ranar Afrilu ka ji shi da sanyi, alhali shi bai sauya ba, iskar da ka fito daga cikinta ce ta sauya.

Tambaya: An ce da hunturu rana ce take nisa da duniya, shi ya sa ake sanyi. Haka ne? (Wani malamin firamare daga Azare)

Amsa: Malam, akasin haka ne. A farkon Janairu duniya ta fi kusa da rana, kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, miliyan 152. Abin da ke kawo sauyin shi ne karkacewar duniya da kusan digiri 23 da rabi. A ƙarshen Disamba, ranar tsaka a Bauchi tana karkata kudu daga bisa kai da kusan digiri 34, haskenta ya bazu a fili mai faɗi, ƙarfinsa ya ragu. Ga iskar arewa maso gabas daga Sahara da ƙurarta tana tare wani hasken. Da dare kuma busasshiyar iska ba ta riƙe zafi, sai ƙasa ta huce kafin asuba.

Ka gwada da ɗalibanka. Ku kafa sanda a tsaye cak a filin makaranta, ku duba inuwarta wajen ƙarfe 12:20 na rana. A Disamba za ta miƙe arewa. A tsakiyar Afrilu za ta shige gindin sandar, domin rana tana bisa kai, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa. A ƙarshen Agusta inuwar za ta sake ɓacewa, sai dai a lokacin gajimare da ruwan sama sun kashe kaifin ranar, kuma sai kun yi dace da ranar da gari ya washe kafin ku gani.