Me ya sa ƙarfen sitenles ɗina ya yi tsatsa?

Tambaya: Na sa mai walda ya yi mini makarin matakalar bene da ƙarfen sitenles, amma bayan damina ɗaya sai tsatsa ta fito a mahaɗarsa. Shin an cuce ni ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ba lalle ba ne a ce an cuce ka, domin sitenles iri-iri ne. Abin da ke kare shi shi ne sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda ke haɗuwa da iska ya yi wa ƙarfen wata siririyar fata da ido ba ya gani. Mai lamba 304, wanda ke da kashi 18 na kuromiyam da 8 na nikel, ya wadatar a Zariya, yayin da 316, da aka ƙara wa molibdinam, ya fi dacewa da bakin teku kamar Legas, inda iska ke ɗauke da gishiri. Mai lamba 201 kuwa ya fi araha saboda an rage masa nikel, kuma ya fi saurin lalacewa.

Sai dai tun da a mahaɗa tsatsar ta fito, na fi zargin aikin, domin zafin walda yana ƙona fatar nan, kuma idan aka goge wurin da burushin da ya taɓa baƙin ƙarfe, ɓurɓushinsa ne ke maƙalewa ya yi tsatsa. A sake goge mahaɗar da sabon burushin sitenles, a kuma daina wanke ta da bilic.